Koyon Hoto da Girkin Intanet a Dutse: Me Ɗalibi Yake Saya da Kuɗinsa?

Bayan la'asar ne a gidan yayana da ke unguwar Takur a Dutse. 'Yarsa, wadda ta gama sakandare tana jiran gurbin jami'a, ta wuni a madafi tana turara dambun shinkafa da zogale. Ta zuba shi a farantin tangaran, ta yanka albasa da tattasai a kai, ta shige ɗaka ta rufo ƙofa, ta kunna fitilar nan mai siffar zobe da masu bidiyon TikTok suke haska fuska da ita. Can sai ga ta ta fito da waya a hannu, ranta a ɓace.

"Gwaggo, don Allah duba mini. Me ya sa nawa ba ya fita irin na malamarmu?"

Na karɓa na duba. Dambun da ƙamshinsa ya kai ƙofar gida ya fito toka-toka, zogalen ya yi baƙi, man da ke kai ya zama farin tabo. Na tambaye ta wace malama. Ashe ajin koyon hoton abinci ta shiga a WhatsApp, na kwana uku, ta biya naira dubu biyar daga ribar cincin ɗin da take sayarwa. An tura musu bidiyo, an ba su sunayen manhajojin gyaran hoto, ranar ƙarshe aka turo wa kowa takardar shaida da sunansa a jiki. Ta tura nata hoton ta roƙi a nuna mata inda ta kuskure. Amsar da ta samu ita ce alamar babban yatsa.

Da aka tashi kai wa mutanen zaure abincin, sai aka yi dace maƙwabcinsu yana nan, wani dattijo da ke sana'ar hoto tun zamanin fim. Ya ji abin da ake ciki, sai ya ce, "'Yata, ajiye farantin nan bakin ƙofa, inda rana ba ta dukansa. Goge idon wayar da gefen mayafinki. Koma can, hasken ya zo daga gefe. Akwai farin kwali a gidan? Tsayar da shi ta wajen inuwar." Ta ɗauka. Zogalen ya fito kore shar, ɓarzajjiyar shinkafar tana rarrabe da juna. Ya ce ta ɗan rusuna ta sake. Ta sake. Ya ce wannan ya fi, amma ta yanke wa cokalin wutsiya, ta matsa baya kaɗan.

Koyar da hoto da girkin intanet ya zama sana'a a Dutse, kamar yadda ya zama a Kano da Kaduna, kuma ban ga laifin mai ilimi ya karɓi ladan koyarwarsa ba. Damuwata ita ce abin da ake miƙa wa yaranmu bayan sun biya. Bidiyo da jerin manhajoji suna nan birjik a intanet ga duk mai data. Abin da ba ya samuwa a banza shi ne ƙwararre ya zauna ya dubi aikinka, ya sa yatsa ya ce nan ka kuskure, sake. Wannan ne ya cancanci kuɗin ɗalibi, kuma shi aka fi tauye masa.

1. Me ya buɗe wannan kasuwa?

Dutse gari ne na ma'aikata da ɗalibai. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka mai da shi babban birni, albashin gwamnati ne ke juya kasuwarsa. Jami'ar Tarayya ta zo a 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta jiha, kowace shekara ana yaye matasa, guraben aiki kuwa ba sa ƙaruwa daidai da su. Sai aka cire tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023, cefane ya yi tashin gwauron zabo, albashi ɗaya ya daina riƙe gida. Kowa ya shiga neman abin haɗawa. Matar aure ta fara kek da samosa tana tallatawa ta waya, saurayin da ya mallaki waya mai kyau ya fara bin biki da suna.

Ido kuma ya ga abin sha'awa. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta shigar da shirin girki irin su Akushi da Rufi ɗakunan mata har ƙauye. A watan Mayun 2023 Hilda Baci ta yi dogon girkinta a Legas, kundin Guinness ya tabbatar mata da awa 93 da minti 11, duniya ta san sunanta. A tsakiyar 2024 kamfanin Meta ya buɗe wa 'yan Najeriya ƙofar samun kuɗin talla a Facebook. Yarinya a unguwar Limawa ko Gida Dubu ta duba ta ga tukunyar da take ɗorawa kullum tana iya zama hanyar rufin asirinta. Tunaninta daidai ne.

Ina za ta koya? Matar da ke da goyo da girkin gida ba za ta bar Dutse ta tafi makarantar girki a Kano ko Abuja ba. Saurayin da ke tsaron shagon yayansa a titin Hakimi ba shi da shekara biyu ta zaman aji. Saboda haka malamin da zai koyar da mutum shi kaɗai, ko su uku su huɗu, a lokacin da ya dace da su, yana cike giɓi na gaske. Masu cewa a daina biyan kuɗin koyo gaba ɗaya, a je a kalli bidiyo, ba su taɓa zama da wanda ya kalli bidiyon ya gwada ya kasa ba, ya rasa wanda zai tambaya.

2. Haihuwar guzuma

Ga yadda yawancin azuzuwan suke tafiya. A fitar da talla mai ƙyalli: zama ƙwararren mai hoto cikin kwana uku, fara karɓar dala daga ɗakinki. A tara mutane a dandali ɗaya, a kulle shi yadda malami kaɗai ke iya magana, a riƙa zubo saƙon murya da bidiyo. Lissafin a fili yake. Malamin da ya tara mutum 100, in zai ba kowa minti goma kacal ya dubi hotonsa, sai ya shafe fiye da awa 16. Ba zai yi ba, kuma tun ranar da ya buɗe rajista ya san ba zai yi ba. Araha ba ta ado. Kuɗin da ake karɓa kaɗan ne don a tara jama'a, yawan jama'ar kuma shi ke kashe koyarwar.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne wasu daga cikin waɗanda suka karɓi takardar shaida a wannan wata su ne ke buɗe nasu ajin a wata mai kamawa, da bidiyon da aka tura musu. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Ka nemi ka ga bikin da malamin ya taɓa ɗauka daga kamu har zuwa kai amarya, ko abincin taron da malamar ta taɓa fitarwa aka ci aka yaba, sai a fara kame-kame. Wanzami ba ya son jarfa. Wanda yake karɓar kuɗi don ya duba aikin wasu, dole ya yarda a duba nasa.

Sai romon bakan dala. Bari mu yi lissafi da abin da kamfanonin suka faɗa da kansu. Kafin YouTube ya fara raba kuɗin talla da mai dogon bidiyo, sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. In bidiyonki na minti biyar ne, kuma kowa yana kallonsa har ƙarshe, ana maganar kallo 48,000 kafin kobo ya shigo, alhali mutane da yawa ba sa kai wa ƙarshe. In an kai matakin, mai bidiyo kashi 55 cikin 100 yake samu. Shi kansa kuɗin tallan ya danganta da inda masu kallo suke: mai talla yana biyan kuɗi mai tsoka don ya kai ga mai kallo a Amurka ko Ingila, abin da yake biya don mai kallo a Najeriya ko Nijar bai kama ƙafar wancan ba, masu kallon Hausa kuwa mafi yawansu nan suke. A gefe guda, tun watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100. Ga gas, ga nama, ga mai, duk daga aljihun mai girki suke fita kafin ta ɗora bidiyo ɗaya. Akwai masu samu, ba na musu. Amma malamin da ya faɗi labarin masu samu ya ɓoye wannan lissafi ya ha'inci ɗalibinsa.

Kuɗin da ya fi tabbas a kusa yake. Mai girki a Dutse ba daga kamfanin waje za ta fara samu ba, sai daga matar da ta ga hoton ƙosai da kunun gyaɗa ta ce a yi mata na buɗa-baki, daga ofishin da ke da taro, daga gidan da ke da suna ranar Asabar. Hotonta shi ne shagonta. Mai kamara kuma abincinsa yana wajen biki, walimar sauka, bikin yaye ɗalibai, taron siyasa, hoton fasfo, da 'yan kasuwar da ke son a ɗauki atamfa da turarensu. Malamin kirki zai koya wa ɗalibi yadda zai yanka wa aikinsa farashi: kuɗin mota, kuɗin buga hoto, awannin da zai zauna gyara, da rarar da zai ajiye don ranar da kamara za ta lalace. Zai koya masa karɓar kafin-alƙalami, da kwafe hotunan biki wuri biyu a daren da aka ɗauke su, domin katin da ya lalace da hoton ɗaurin aure ba a sake taron.

3. Yadda na da suka koya

Masu shekaru za su tuna lokacin da fim ɗaya hoto 36 yake ɗauka, kuma sai an kai wanki kafin a san abin da ya fito. Kowace latsawa kuɗi ce. Yaron shago yakan daɗe yana riƙe jaka da fitila, yana kallon inda maigidansa ke tsayawa, kafin a miƙa masa kamara. In hoto ya dawo daga wanki da kan ango a yanke, maigida zai ajiye shi a kan tebur ya tambayi wanda ya ɗauka, ya nuna masa inda ya kamata ya tsaya.

Manyan masu hoton Afirka ta Yamma ta wannan ƙofa suka shigo. Malick Sidibé na Bamako ya fara a 1955 a shagon wani Bafaranshe, Gérard Guillat, yana yaron shago, kafin ya buɗe nasa. A 2007 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin fasaha na Venice a Italiya. J.D. 'Okhai Ojeikere ya sayi ƙaramar kamararsa a 1950, ya shiga ɗakin wankin hoto na Ma'aikatar Yaɗa Labarai a Ibadan a 1954 a matsayin mataimaki. Daga 1968 ya kama ɗaukar kitson matan Najeriya, ya tara hotuna kusan 1,000, waɗanda yau manyan gidajen tarihi na duniya ke ajiye da su. Abin da ke bakin ƙofarsu suka ɗauka: samarin Bamako a wajen rawa, kan mata a bakin titi.

Ba ina cewa a koma wancan tsari da gashinsa ba ne. Yana da nasa zaluncin. Akwai iyayen gidan da suka riƙe yara shekaru suna shara da aike, suna ɓoye musu sirrin aiki don kada su buɗe shago kusa da nasu. Mata kuwa da wuya su samu shiga. Koyarwar kuɗi ta fi shi ta nan: lokaci sananne, lada sananne, ɗalibi ba bara ba ne. Abu ɗaya nake so a ɗauko daga na da, wato teburin nan da ake ajiye hoto a kai a ce wa ya ɗauki wannan.

4. Hasken garinmu, abincin garinmu

Ko da malamin intanet ya iya aikinsa, yawanci darasinsa an gina shi ne a kan kicin mai farin tayil, da tagar gilashi, da wutar da ba ta ɗaukewa, da abinci irin su taliyar Turawa da kek mai hawa. Ɗalibarsa a unguwar Yalwawa tana da murhun gawayi, da ɗaki mai ƙaramar taga, da tuwon dawa miyar kuka. In ba a koya mata aiki da abin da take da shi ba, abin da za ta ɗauka daga ajin shi ne raina ɗakinta da raina abincinta, sai ta fara cin bashi don sayen fitila da faranti.

Tuwo da miya suna da wuyar ɗauka, gaskiya ne, amma wuyar tana da magani. Miyar kuka da ta busasshiyar kuɓewa suna shanye haske. Hasken gefe suke so, daga ƙofa ko taga, da ɗan man shanu a kai wanda zai kama hasken ya nuna kaurin miyar. Malmalar tuwo daga ɗan gefe ake ɗaukarta don tudunta ya fito. Tire mai kwanuka da yawa daga sama ake ɗaukarsa. Waina in an jera ta, sai an sauko da waya daidai da faranti. Tururi ba ya fita sai bayansa da duhu, hasken kuma yana zuwa daga baya. Zoɓo a kofin gilashi, in aka sa shi tsakanin waya da ƙofa, jansa yakan fito ba tare da an taɓa manhaja ba. Haɗa hasken ƙwan lantarki da na rana a hoto ɗaya shi ke sa farar shinkafa ta koma ruwan ɗorawa. Akushi, ƙwarya, faifai da tabarmar kaba sun fi karɓar abincinmu a kan farantin roba mai ƙyalli, kuma ranar Litinin a kasuwar Shuwarin ba sai an sha wuya za a same su ba.

Haka lamarin yake ga hoton mutane. Ranar Sallah da hantsi, mutum baƙi cikin farar shadda, rana tana kansa: kamara za ta auna farin kayan, ta bar fuskar cikin duhu. Mai koyo yana bukatar wanda zai tsaya kusa da shi a filin idi ya ce auna hasken a fuska, ko jawo shi inuwar darbejiya. Matsalar ma tsohuwa ce. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak yake daidaita launin hoto da kati mai ɗauke da hoton Baturiya, sai a shekarun 1990 ya fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Yau kuma shiryayyun launukan da ake sayar wa masu koyo, a latsa sau ɗaya hoto ya canza, su ke mai da amaryarmu fara fat har danginta su kasa gane ta. Yana ɓata mini rai in ga an koya wa yaro cewa gyaran hoto shi ne haskaka fata. Hazon hunturu yana da nasa hukunci: yana tausasa haske, yana kashe launi, ƙurarsa tana shiga kamara in ana canza gilashi a fili. Duwatsun da ke kewaye da unguwar Garu kuma launinsu da safe daban, gab da magariba daban. Wanda bai zauna a garin ba ba zai koya maka waɗannan ba.

A ɓangaren girki akwai abin da ya fi hoto muhimmanci, kuma kusan ba a taɓa shi: awo. Iyayenmu da ido suke girki, ido kuwa ba mudu ba ne amma ya san kima. Sai dai mai kallo a Kaduna ko Jidda ba ta da idon gwaggonki. Dole a mayar mata da shi gwangwanin madara nawa, ludayi nawa, minti nawa a wuta, sannan a maimaita girkin da wannan awon har a tabbatar yana fita iri ɗaya. Matar da ta bi bayaninki ta yi asarar fulawarta ba za ta dawo shafinki ba. Malamar girki da ba ta taɓa ɗanɗana girkin ɗalibarta ba, ba ta san ko gishiri ya ji ba, ban ga abin da take sa hannu a kai ba in ta ba da shaida.

Kayan aiki kuwa Allah ya hore mana. Dutse garin dabino ne, har tashar binciken dabino ta cibiyar NIFOR a nan take. Jigawa tana sahun gaba a noman riɗi da zoɓo, zoɓon da ake lodi har zuwa Meziko. Ga shinkafa da kifin Haɗeja, ga fura da nonon rugagen da ke kewaye da mu, ga kwaɗon rama da zogale, ga fate, ga ɗanwake, ga alkaki da nakiya na gara. Nawa ne daga ciki aka rubuta awonsu, aka ɗauke su hoto mai kyau? Tsofaffin da suka san yadda ake dakan nakiya suna tafiya ɗaya bayan ɗaya. Yarinyar da ta zauna da kakarta ta rubuta wannan, ta ɗauka da kyau, tana da abin da babu mai shi a Legas.

Duniya ma ta nuna tana so. Hoton da ya zo na ɗaya a gasar Wiki Loves Africa ta 2023 na Sani Maikatanga ne, mai hoton jarida daga Kano, kuma ambaliyar Auyo ya ɗauka, a nan cikin jiharmu. Fati Abubakar ta Maiduguri ta fara shafinta na Bits of Borno a 2015 tana ɗaukar mutanen garinta a kasuwa da makaranta, lokacin da labarin bom kaɗai ake ji daga can, har manyan jaridun duniya suka neme ta. A Birnin Kudu, tafiyar ƙasa da awa ɗaya daga Dutse, akwai zanen shanu a jikin duwatsu da mutanen dā suka bari, wanda masana suka fara nazarinsa a shekarun 1950. Mazauna wannan yanki sun daɗe suna zana dukiyar da ke gabansu.

5. Amana

Akwai darasin da ban taɓa gani a tallan wani aji ba, alhali shi ke tsayar da mai sana'a ko ya kayar da shi a gari irin namu, inda kowa ya san kowa.

Mai hoto yana shiga inda sauran maza ba sa shiga. Yana ganin matan aure cikin kwalliya a wajen kamu da wuni. An kira shi ne ya ɗauka ya ba masu biki. Ba a kira shi ya zaɓi wadda ta fi kyau ya ɗora a shafinsa don jawo ciniki ba. Hoto ɗaya irin wannan yana iya haddasa rigimar da dattawa za su kwana suna sasantawa. Najeriya tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2023, amma tun kafin doka tarbiyyarmu ta ce a nemi izini. Haka almajiri a bakin titi da tsohuwa mai talla: talaucinsu ba kayan ado ba ne, a tambaye su, in sun ƙi a sauke kamara.

Mai girki kuma kada ta koma likita. Haɗin da ake cewa yana warkar da ciwon suga, ko yana narkar da tumbi cikin mako, ko yana ƙara ƙiba, yana jawo mabiya da sauri, amma akwai mai ciwon da zai ajiye maganin asibiti saboda ya yarda da ke. In an biya ki tallan kayan miya ko mai, ki faɗa cewa talla ne, ki kuma duba lambar NAFDAC a jiki kafin ki ce wa mutane su saya. Ɗauko hoton girkin wata a manna suna a kai, mai saye ya yi oda ya ga wani abu daban, algus ne, ko a kasuwa ko a waya.

Sai batun da iyaye da mazaje ke tunani ko ba su furta ba: wa zai koyar, kuma a ina? Malami namiji da ɗaliba mace su kaɗai a ɗakin hoto, addininmu da al'adarmu ba su yarda ba, kuma wannan fargabar ta hana mata da yawa koyo. Maganinta ba hana su ba ne. A koyar da su uku ko huɗu tare, a gida, da sanin masu gida. Mafi alheri ma a samu mata masu hoto su yawaita, domin gidaje da dama za su fi sakin jiki mace ta shiga cikin mata da kamara. Kasuwa ce a buɗe, masu shigarta ba su da yawa.

6. Kafin a tura kuɗi

Matambayi ba ya ɓata. Ga uba ko miji ko ɗalibin da zai biya, tambayar farko ita ce mutum nawa ne a ajin, ta biyu kuma sau nawa malami zai dubi aikina ya gyara. A nemi ganin cikakken aikinsa, biki guda daga farko har ƙarshe, ba zaɓaɓɓun hotuna biyar ba. A nemi magana da wanda ya taɓa koyo a hannunsa. In darasin farko shi ne jerin kayan da za a saya, musamman in shi ne mai sayarwa, a dakata. Gara a biya da ɗan tsada ga wanda zai fita da kai kasuwa da filin biki tsawon wata biyu ko uku, ya ba ka aiki kowane mako ya kuma zauna ya tsefe shi, da a rarraba kuɗin a azuzuwa biyar na kwana uku-uku. In kuɗin ya yi wa mutum ɗaya nauyi, abokai uku su haɗa su ɗauki malami guda.

Hukuma ma tana da rawar takawa. Jihar da ta kafa cibiyar koyon kwamfuta a Kazaure tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, wadda ɗanta Kashifu Inuwa Abdullahi ya karɓi shugabancin hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta NITDA a 2019, bai kamata sana'ar hoto da bidiyo ta zama baƙuwa gare ta ba. Amma ba taron kwana biyu a otal da rabon kamarar da za ta ƙare a kasuwa nake nufi ba. A ware ɗaki a cibiyoyin koyon sana'a da na mata a Dutse, Birnin Kudu da Jahun, mai wutar sola, da teburin girki, da kamarori kaɗan da za a riƙa ara ana sa hannu. A nemo masu hoto da masu girkin da suke cin abinci da sana'ar, maza da mata, a ba kowanne ɗalibai kada su wuce biyar. A biya shi rabin ladansa da farko. Bayan shekara a koma a ƙirga ɗalibansa nawa ne har yanzu suke aikin ana biyansu, a kan wannan adadin a cika masa sauran.